Fakitin Boveda da adana tabar wiwi bayan girbi

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalba ya tarar da farar fumfuna ta lulluɓe ganyen da ya sha wahalar shanyawa, ya san irin ɓarnar da laima take yi. Fakitin Boveda, na wani kamfani da ke jihar Minnesota a Amurka, an yi shi ne domin wannan matsala. Masu adana taba ne suka fara saninsa, daga baya masu noman tabar wiwi a inda doka ta halatta, kamar Kanada tun 2018, suka rungume shi.

Ƙaramar jaka ce mai laushi, cikinta ruwan gishiri ne, kuma fatarta tururi kaɗai take bari ya ratsa. Idan iskar kwalba ta bushe sai jakar ta saki laima, idan ta yi danshi sai ta tsotse, har ta tsaya a kan adadin da aka buga a jikinta. Ga wannan ganye akwai mai riƙe laima a kashi 58 cikin ɗari da mai kashi 62. A ganina na 62 ya fi, domin ganye yana zama da taushi ba ya marmashewa a hannu, amma wanda yake wuri mai yawan danshi zai fi samun kwanciyar hankali da na 58, tun da haɗarin fumfuna yana ƙaruwa da zarar laima ta haura kashi 65.

Abin da nake so mai saye ya gane shi ne, fakitin ba ya yin aikin shanya. Dole ganye ya bushe tukuna a inuwa, har ƙananan rassa su riƙa karyewa da ƙara maimakon lanƙwasawa, sannan a zuba a kwalbar gilashi, a riƙa buɗe ta kullum a makonnin farko domin danshin ciki ya fita. Wanda ya zuba ɗanyen ganye ya dogara da jaka, asara zai yi. Haka kuma jakar ba ta kare ganye daga zafi ko haske, don haka a ajiye kwalbar a wuri mai duhu, tsakanin digiri 15 da 21 na ma'aunin Salshiyas.

Idan jakar ta yi tauri a hannu, ruwanta ya ƙare, sai a canza. Ina ba da shawarar a saya, tare da ƙaramar na'urar auna laima da za a jefa cikin kwalbar.