Shagon buga riguna na wajen Ƙofar Ƙaura

Ƙanena da abokansa ne suka haɗa gasar ƙwallon kwando, 'yan uku-uku a rabin fili, don tara wa yaran Sudan kuɗi, waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu tun Afrilun 2023. Ni aka ɗora wa neman riguna, wai ai ni ce Yaya.

Wani shago na nufa a wajen Ƙofar Ƙaura. Da mai shagon ya ji abin na sadaka ne, sai ya ce, "Hajiya, kuɗin yadi kawai za ki biya." Allah ya saka masa. Yadin mai huda-huda ne, iska na ratsa shi, ba ya riƙe gumi, daidai da zafin Katsina. Lambobin ma sun zauna daram. Sau uku na wanke ta ƙanena, ko gefe bai ɗago ba.

Alƙawari ne dai babu. Ya ce Laraba, sai daren Juma'a muka karɓa, wai ba wuta. Ga riga biyu masu lamba 7 a ƙungiya ɗaya, alƙalin wasa ya yi ta ruɗewa har sai da muka manna wa ɗaya filasta.

Zan koma, amma saura mako biyu zan kai aikin.