Lauyan da banki ya amince da shi: yadda aikin takardun gidanmu ya kasance a Wakefield

Mai sayen gida da bashin banki a Ingila ba shi kaɗai ke zaɓar lauyan da zai yi masa takardu ba. Kowane banki yana da jerin kamfanonin lauyoyin da ya yarda da su. Idan naka ba ya ciki, banki zai ɗauki nasa daban, kuɗin aikin su biyun kuma daga aljihunka za su fito. Ni da maigidana mun sayi gida mai ɗaki uku a bayan garin Wakefield, kuma kamfanin da ya yi mana aiki daga jerin bankinmu muka ɗauko shi. Ba zan kama sunan kamfanin ko na bankin ba, tunda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. A taƙaice, sun iya aiki, amma ba su iya mu'amala da mutum ba.

Da farko wani lauya muka so ɗauka a Bradford, mutum mai fara'a da ya taɓa yi wa 'yan uwa da dama aikin biza. Shi da bakinsa ya ce mana ba ya cikin jerin bankinmu, kuma ƙaramin ofishi irin nasa da wuya a karɓe shi. Abin ya samo asali ne daga rikicin kuɗi na 2008, lokacin da bankuna suka tafka asara a hannun masu damfarar bashin gida, wasu da haɗin bakin lauyoyi, sai suka shiga tankaɗe da rairaya. A 2012 bankin HSBC ya taɓa rage nasa jerin zuwa kamfanoni 43 kacal, sai da ƙungiyar lauyoyi ta Law Society ta tayar da jijiyar wuya kafin ya sassauta. Yanzu bankuna da yawa ba sa kallon kamfanin da ba shi da shaidar CQS, wadda ƙungiyar ke bai wa masu aikin takardun gida. Kamfaninmu yana da ita, kuma mun duba sunansa a shafin SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, kafin mu biya ko sisi.

Dillalin gidan ma ya kawo mana nasa lauyan, yana ta zuba masa yabo. Da muka karanta takardar da ya ba mu sai muka ga akwai la'adar da ake biyansa kan kowane mutum da ya tura. Ba haramun ba ne muddin an bayyana, amma mun ce a kai kasuwa.

Abin da ya kamata kowa ya gane kafin ya sa hannu shi ne, lauyan nan bawan iyayen gida biyu ne. Kai kake biyansa, amma banki ma yake wakilta, kuma akwai kundin ƙa'idoji na UK Finance, ƙungiyar bankunan Birtaniya, da ya wajaba ya bi. Duk abin da ya gano wanda zai iya shafar bashin, dole ya sanar da banki; idan ka hana shi, sai ya ajiye aikin. Banki ba ya sakin kuɗi sai lauya ya aika masa takardar shaida cewa mallakar gidan ba ta da wata matsala. Wasiƙarsu ta farko ta faɗi wannan ɓaro-ɓaro, kuma na yaba musu a kan haka.

Inda muka sha wuya shi ne tabbatar da asalin kuɗin kafin alƙalami. Wani kaso albashina ne na aikin jinya, wannan ba a yi jayayya a kansa ba. Wani kaso kuɗin adashi ne da muke yi da abokan aiki. Wani kuma kyauta ce daga yayana da ke kasuwanci a Kantin Kwari. Matar da aka damƙa wa fayil ɗinmu ba ta taɓa jin adashi ba. Ta ga kuɗi sun shigo asusuna daga mutane daban-daban a rana ɗaya, sai ta tsaya cak. Sai da uwar adashi ta rubuta wasiƙa, ta haɗa da jerin zubi na kowane wata, ni kuma na nuna nawa zubin yana fita daga albashina, sannan aka wuce wurin.

Kyautar Yaya ta fi ɗaukar lokaci. A lokacin Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan halatta kuɗin haram, wanda aka saka ta a Fabrairun 2023, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025. Don haka duk kuɗin da ya fito daga gida sai an bi shi har gindinsa. Suka nemi hoton fasfonsa da lauya ya tabbatar, bayanan asusunsa na watanni, takardar rajistar kasuwancinsa, da wasiƙar da zai sa hannu cewa kyauta ce ba bashi ba, kuma ba shi da haƙƙi a gidan. Da na karanta masa a waya sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, yanzu kyautar ma sai na rantse a kanta?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, haka tsarinsu yake." Allah ya sa ta banki ya turo. Da ta hannun 'yan canji na Wapa aka bi, inda za ka ba da naira a Kano wani baƙo ya zuba maka fam a nan, babu yadda za a yi su karɓa, kuma sun faɗa mana haka tun farko.

Ban ga laifinsu a binciken ba, doka ce ta ɗora musu. Laifinsu shi ne yadda suka riƙa neman takardun ɗaya bayan ɗaya. Yau a ce fasfo, idan ya iso a ce saura bayanan asusu, idan sun iso a ce ba a buga hatimi ba. Da sun jero komai a wasiƙa guda, da Yaya ya haɗa su a zama ɗaya. Tayin bashin banki yawanci wata shida yake yi kafin ya lalace, ga mai gidan yana barazanar mayar da shi kasuwa, kuma a Ingila yana da ikon yin haka matuƙar ba a yi musayar takardun yarjejeniya ba, ko da kuwa ka riga ka kashe kuɗin bincike da na duba gini.

Samun su a waya ma aiki ne. Komai ta shafinsu na intanet ake yi, ka tura saƙo ka jira. An canza mana mai riƙe da fayil a tsakiyar aiki ba tare da sanarwa ba, sabuwar kuma ta sake tambayar abubuwan da muka riga muka amsa. Irin waɗannan manyan kamfanoni araharsu daga yawan fayil take fitowa, kowane ma'aikaci da tulin da ke gabansa.

Amma a binciken gidan kansa ba su yi wasa ba. Sun nemi bayanan ƙaramar hukuma, na ruwa da magudanai, na muhalli, da na tsofaffin ramukan haƙar kwal, wanda ba a tsallake shi a wannan yanki na Yorkshire. Su ne suka gano cewa an ƙara ɗaki a bayan gidan ba tare da takardar amincewar masu duba gini ba, suka matsa har mai gidan ya biya inshorar da za ta kare mu da banki idan magana ta taso. Mun zagaya gidan da idonmu, ba mu ga komai ba sai fenti mai kyau. Haka kuma lambar asusun da za mu tura kuɗi, ta gidan waya suka aiko ta, suka ce mu kira mu tabbatar, kuma duk imel ɗin da ya zo yana cewa an canza asusu mu ɗauke shi na ɓarayi. Mutane sun rasa kuɗin gida sukutum ta wannan hanyar.

Lissafin ƙarshe bai yi nisa da na farko ba, sai ƙarin da suka caje mu na binciken kyauta daga waje, wanda ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a takardar farashi. Harajin sayen gida bai hau kanmu ba, domin mai sayen gidan farko ba ya biya idan farashin bai wuce fam 300,000 ba, amma duk da haka sai da suka cike fom ɗin hukumar haraji. Ranar karɓar makulli komai ya tafi daidai, kafin la'asar muna cikin gida. Shigar da sunanmu a HM Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje, ya ɗauki watanni, wannan kuwa cunkoson ofishin ne.

Masu bin tsarin sayen gida na Musulunci, irin na Gatehouse Bank ko StrideUp, su ma ba su tsira daga jerin ba. A can kamfanin ne ke sayen gidan tare da kai, kana biyan haya kana sayen kasonsa a hankali, don haka lauyoyin da suka san takardun ba su da yawa, kuma sau da yawa lauya biyu ake buƙata.

Wanda kuɗinsa duka albashi ne, kamfani irin wannan zai ishe shi. Wanda ke da adashi ko taimako daga gida, ya tambaye su tun kafin ya biya: kun taɓa karɓar kuɗi daga Najeriya, kuma waɗanne takardu kuke so, a rubuce? Mai sayen fulat a dogon bene kuma ya ƙara da tambayar ko suna karɓar irin aikin ma, domin tun bayan gobarar benen Grenfell a Landan ta 2017 da dokar tsaron gine-gine ta 2022, wasu kamfanonin da ke cikin jerin bankuna sun daina taɓa shi.