Wace Manhaja Za Ka Sauke Don Ganin Tauraron Ɗan'adam da Idonka?

Wani dare bayan Magariba an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, sai ɗan yayata ya miƙe yana nuna sama: "Kawu, ga wani tauraro can yana tafiya!" Na ce masa jirgi ne. Ya ce jirgi ai yana ƙyafta fitila, wannan kuwa ba ya yi. Gaskiyar yaro. Haske ne fari tas, babu ƙara, ya taso daga yamma yana tafiya a natse, yana kaiwa tsakiyar sama sai ya dusashe ya ɓace. Daga baya na tabbatar Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ce, wadda aka fi sani da ISS. Tun ranar nake gwada manhajojin da ke faɗin lokacin wucewarta.

Tashar tana shawagi kimanin kilomita 400 sama da mu, tana gudun kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90 da ɗoriya, kuma tun Nuwamba 2000 ba ta rabu da mutane a ciki ba. Hasken da muke gani na rana ne yake dukan jikinta, shi ya sa ba a ganinta sai lokacin da ƙasa ta yi duhu amma can sama rana tana nan, wato bayan Magariba zuwa wajen Isha, ko gab da Asuba. Ɓacewar da ta yi mana kuwa, inuwar duniya ta shiga. To aikin manhaja ke nan: ta faɗa maka ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, da iya tsayin da za ta kai.

Kafin ka ƙona data, duba wayarka. Yawancin manhajojin nan suna da tsarin da za ka ɗaga waya sama, allo ya riƙa juyawa yana nuna maka abin da ke gabanka. Wannan ba ya aiki sai wayar tana da kamfas a cikinta, kuma wayoyi masu araha da yawa ba a sa musu shi ba. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe manhajar neman alƙibla, ka juya jikinka. In kibiyar ta motsa, kana da kamfas. In ta kafe, duk wani ado na "ɗaga waya ka gani" ba naka ba ne, kada ka biya ko sisi dominsa. Ko mai kamfas ɗin ma, kusa da ƙofar ƙarfe ko janareta yakan rikice, sai ka matsa gefe ka kaɗa wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8.

Mafi sauƙi ita ce Spot the Station, ta hukumar NASA ta Amurka, wadda ta fito a 2023. Kyauta ce, babu talla, tana kan Android da iPhone. Za ta ba ka jerin ranakun da tashar za ta bi ta kan garinku, ta kuma tunatar da kai. Iyakarta ke nan: ISS kaɗai ta sani. Wanda yake son ya nuna wa yara abin mamaki sau ɗaya a wata, ta ishe shi.

ISS Detector ta fi ta faɗi. Abin da ya sa nake yabonta shi ne ƙararrawarta, wadda za ka saita ta buga 'yan mintoci kafin lokaci, domin wucewar gaba ɗaya ba ta fi minti biyar ko shida ba, kafin ka nemo takalmi an gama. Tana kuma haɗa maka da hasashen yanayi, abin da ke da amfani da damina. Bibiyar ISS kyauta ne, da talla. Sauran abubuwa, irin su madubin hangen nesa na Hubble da taurari masu wutsiya, sai ka saya a matsayin ƙari.

Wadda na fi jimawa da ita kuwa Heavens-Above ce. Ba ta da kyan fuska, in faɗi gaskiya; jadawali ne da lambobi, kamar takardar sakamakon jarrabawa. Amma duk dare za ta jero maka abubuwa da dama da za su wuce, har da gangar tsofaffin rokoki da aka bari suna yawo, kowanne da taswirar hanyarsa a tsakanin taurari. Ga wanda wayarsa ba ta da kamfas, wannan ce mafita, domin taswirar ba ta buƙatar komai sai ka san gabas da yamma. Manhajar ta Android ce kawai. Mai iPhone sai dai ya shiga shafinsu na intanet, kuma ya tabbatar ya sa sunan garinsa, in ba haka ba lokutan da zai gani ba nasa ba ne.

Sai dai dole ka koyi karanta lambobi biyu, kuma a nan ne mutane ke sarewa. Na farko ma'aunin haske, wanda yake tafiya a juye: ƙaramar lamba ta fi haske. In ka ga -3, ko a tsakiyar Kano da fitilunta za ka gani, domin ta kusa kamo Zara matar wata. In ka ga 4, sai a ƙauye a daren da babu farin wata. Na biyu tsayi daga ƙasa, wanda ake aunawa da digiri: 90 shi ne tsakar kanka. Miƙa hannunka ka dunƙule, faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne. Duk wucewar da ba ta kai dunƙule biyu ba ka ƙyale ta, katangar maƙwabci da bishiyar darbejiya za su cinye ta. Da hunturu, in hazo ya sauka, ni ba na fita sai ta haura 40.

Akwai wata gata da muke da ita wadda masu rubuta sharhin manhajojin nan a Turai ba sa ambata, saboda ba ta shafe su ba. Hubble, wanda aka harba a 1990, hanyarsa ba ta wuce digiri 28.5 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, wato ikwaita. Mutumin Landan ba ya ganinsa. Mu da muke Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram, tsakanin digiri 11 da 14 arewa da layin, ta kanmu yake bi. Bai kai ISS haske ba, kamar matsakaicin tauraro yake, amma ana ganinsa da ido. Ita ma tashar Sin, Tiangong, wadda aka fara haɗawa a 2021, tana bi ta kanmu kuma ana ganinta da ido. Don haka in za ka zaɓa, zaɓi wadda ta san waɗannan biyun, kuma a nan ne Heavens-Above ta sha gaban Spot the Station.

Stellarium Mobile daban take. Taswirar sama ce gaba ɗaya, da duniyoyi da taurari, taurarin ɗan'adam kuma ƙari ne a kai. Ita ce za ta gaya maka sunan abin da ka gani, ta nuna maka inda Kaza da 'Ya'yanta suke, kuma tana aiki ko babu intanet. Akwai ta kyauta, akwai Plus ta kuɗi wadda mai madubin hangen nesa ne zai more ta. Ina ajiye ta a matsayin abokiyar tafiya, ba a madadin waɗancan ba. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru za su iya juya ta zuwa Faransanci. Star Walk 2 da Satellite Tracker na kamfani ɗaya ne, sun fi kowa kyan zane, amma na kyautar talla ta yi musu yawa, kuma zanen yana shan caji. Sky Guide ta masu iPhone ce kaɗai.

Masu son ganin jerin gwanon Starlink, wato taurarin kamfanin SpaceX da ke bin juna a layi kamar raƙuman fatake, su sani cewa kwanaki kaɗan bayan harbawa ne kawai suke haka, daga nan su hau sama su watse su dusashe. Manhajar Find Starlink tana ƙoƙari, amma ko ta ce ka fita, kada ka tara unguwa. Shi kuwa NigComSat-1R na Nijeriya, da taurarin da dish ɗin talabijin ke kallo, suna can kilomita 36,000, babu manhajar da za ta sa ido ya gan su. Duk manhajar da har yanzu take tallar "Iridium flare", wato walƙiyar da tsofaffin taurarin kamfanin Iridium suke yi in rana ta doke su, ma ta tsufa, domin an yi ritayar waɗancan taurari tun wajen 2019.

Batun kuɗi: kusan dukkansu daga rijiya ɗaya suke ɗiba, wato bayanan da rundunar sararin samaniyar Amurka ke fitarwa. Ta kuɗi ba ta fi ta kyauta daidaito ba. In za ka biya, biya wanda ake yi sau ɗaya don cire talla, ka guji na wata-wata da zai riƙa zarar kuɗi daga katinka. Abin da ke ɓata lissafi shi ne tsufan bayanai, domin lokaci-lokaci ana tura tashar sama kaɗan, hanyarta ta sauya. Buɗe manhajar da data a ranar da za ka fita, abin da za ta ci bai taka kara ya karya ba.

A wayata yanzu guda biyu suka rage, Heavens-Above da Stellarium. A ta yayata kuwa ISS Detector na sa, saboda ƙararrawar, kuma na shiga saitin batir na cire ta daga jerin manhajojin da waya ke kashewa a ɓoye, don kada a yi ta jiran ƙarar da ba za ta zo ba. In ka ga mako biyu babu wucewa ko ɗaya a jadawali, ba lalacewa ta yi ba. Tashar tana bi ta kanmu ne da rana tsaka ko tsakar dare, za ta dawo.