Mai awon gonar da na ɗauko kafin in ba maƙwabcina aro

Gonar da na gada daga mahaifina tana wani ƙauye kudu da Maradi, in ka ɗauki hanyar Madarunfa. Jigawa ce, eka uku da 'yan kai, da gawo goma sha ɗaya a cikinta. Ni kuma ɗinki nake yi a babbar kasuwa, ko na yi ƙoƙari da 'yan ƙwadago rabinta nake iya nomawa. Bara da kaka maƙwabcin gonata ya zo har shago. Dattijo ne, tare suka yi ƙuruciya da mahaifina, Kawu nake ce masa. 'Ya'yansa maza huɗu sun kawo ƙarfi, biyu sun yi aure, gonarsa kuwa ba ta ƙara faɗi ba. Ya ce mini: "Ɗana, gefen nan naka da ke kwance, ka ba ni aro in zuba hatsi da wake."

Ban so in hana shi ba, amma daren nan ban runtsa ba. Kowa ya san yadda aron gona yake ƙarewa in waɗanda suka yi maganar sun kwanta dama. 'Ya'ya su tashi su tarar ubansu yana noma wuri shekara ashirin, wa zai gaya musu ba nasu ba ne? Tsofaffinmu har yau suna tuna jawabin shugaban Nijar na lokacin, Seyni Kountché, na 1974, da ya ce gona ta ci gaba da zama hannun mai noma ta, kuma tun daga nan da yawa suka shiga tsoron ba da aro ko ga ɗan'uwa.

Wani mai kawo mini ɗinki ne ya nuna mini wani matashi mai awon fili a cikin gari. Ɗaki ɗaya ne ofishinsa, tebur da kwamfuta da fanka. Ban ko gama zama ba ya fara tambaya: gado ne? An raba? 'Yan'uwanka sun sani? Da na ce ya zo mu je mu biyu kawai mu auna, sai ya girgiza kai. "Maigida, ni ba na awo a ɓoye. Sai mai aron yana nan, da duk wanda kuka haɗa iyaka, da wakilin mai gari." A lokacin na ɗauka ja mini rai yake yi. Yanzu kuwa ina ganin wannan sharaɗi shi ne mafi amfanin abin da na saya a wurinsa.

Da na kai wa Kawu zancen awo da takarda, ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. Can ya ce: "Ɗana, har mun kai nan tsakanina da gidanku?" Kunya ta rufe ni, na rasa bakin magana. Ranar awo yaron nan ne ya fid da ni. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida shi, ya ce: "Baba, takardar nan ta ku biyu ce. In yau aka wayi gari babu mai gonar, ita za ta hana magadansa su tashe ka ka bar takinka da shukarka a ƙasa." Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya miƙe ya ce mu fara daga tsamiya.

A watan Maris ne, rana tana dukan tsakar ka. Mun bi iyaka da ƙafa, tushen gamba bayan tushen gamba, shi yana riƙe da na'urar GPS, yaronsa yana jan igiyar awo. A kusurwar arewa gambar ta mutu, sai gardama ta tashi tsakanina da wani maƙwabcin a kan abin da bai wuce taki biyu ba. Sai na ga ya sa na'urar a aljihu ya koma inuwar gawo. Ya ce ita ba ta san iyakar kakanninmu ba, inda dattawa suka nuna nan za ta rubuta. Wakilin mai gari da tsofaffi biyu suka tono wani tsohon kututturen aguwa, kowa ya yarda, sannan ya taso ya kafa turken siminti. Ya auna gonar gaba ɗaya, daga baya ya ware gefen aron, eka ɗaya da kwata, don zanen ya nuna ɓangare ne na gonata.

Shi ne kuma ya gaya mini gaskiya cewa zanensa ba takardar mallaka ba ce, kada in rungume shi in kwanta. Ya ce mu je wurin kofo. Ga wanda bai sani ba, kofo su ne kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993, wadda ake kira Code Rural, ta tanada. Akwai na gari wanda mai gari yake shugabanta, akwai na kwamin, akwai kuma na sama da shi. Suna ba da shaidar saye, da ta kyauta, da ta haya, da ta jingina, da ta aro, da ta gonar da mutum yake riƙe da ita bisa al'ada. Mun yi guda biyu: ta mallakata bisa gado, da ta aron.

A zauren mai gari aka tsara sharuɗɗan, kuma mai awon ya tuna mini abubuwan da ban taɓa kawowa a raina ba. Aron damina uku ne, in mun so mu sabunta. Hatsi da wake da gyaɗa zai noma. Ba zai dasa itace ba, ba zai gina rijiya ko ɗaki ba, don a wurinmu wanda ya dasa mangwaro ya fara kafa hujja ke nan. Ba zai ba wani aro ba, ba zai jinginar ba. In ina son gonata, da kaka zan faɗa masa, ba bayan ya kai taki ba. Kowace kaka kuma zai kawo mini dami ɗaya gaban shaidu, kamar yadda iyayenmu suke yi, don kowa ya riƙa tuna mai gona. Kawu da kansa ya ta da maganar sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana renonsa, wanda manoman Maradi suka yi suna da shi: tohon da ya bari ya rena har ya zama itace, na wa ke nan? Aka daɗe ana juya ta. A ƙarshe aka rubuta itacen na gona ne, rassan da aka sassabe da 'ya'yan gawo nasa ne ya ba dabbobinsa. Kowa ya sa hannu, Kawu ya dangwala yatsa, na ɗauki kwafi, ya ɗauka, ɗaya ya zauna wurin kofo.

Amma ba zan ɓoye inda mai awon ya ɓata mini rai ba. Sau biyu yana saɓa alkawari. Na farkon na rufe shago, na tara dattawa tun da hantsi, sai da azahar ya kira wai wani aiki ya riƙe shi. Tara tsofaffi a banza ba ƙaramin abu ba ne, ni na bi su gida gida ina ba da haƙuri. Kuɗi kuma ya ce jikka 40, muka daidaita a 30, sai a gona na ji kuɗin mai daban, na turaku daban, har ya tashi jikka 38. Da tun farko ya faɗi, da na biya ba tare da ƙorafi ba. Zanen da ya ba ni duk da Faransanci yake, Kawu kuwa ajami kaɗai yake karantawa. Sai da na roƙi limamin garin ya rubuta masa sharuɗɗan a takarda daban. Mai aiki da manoman ƙasar Hausa ya kamata ya tanadi wannan da kansa.

Duk da haka in wani ya tambaye ni zan tura shi wurinsa, sai dai in ce masa ya sa a rubuta masa kuɗin komai tun a ofis, kuma kada ya tara mutane sai ya ji mai awon ya kamo hanya.

Bana da kaka jikan Kawu ya sauke mini dami a ƙofar gida, da tiya biyu ta wake da ba ta cikin sharaɗi. Turke ɗaya cikin takwas ɗin kuwa tun ruwan farko ya farfashe, da alama an rage masa siminti. Na kira mai awon sau uku, kullum sai ya ce zai zo. Kafin ya zo, ni da Kawu mun aza dutse a wurin, mun dasa aguwa kusa da shi.