Abincin makaranta ko na gida?

Abincin makaranta yana zuwa da zafinsa, kuma ɗan mai kuɗi da ɗan talaka iri ɗaya suke ci. A wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai layi yakan cinye rabin hutu, yaro ya ci a gaggauce ko ya bari.

Na gida kuwa, uwa ta san abin da ta zuba, musamman ga yaron da wani abinci ke yi wa illa. Matsalarsa jira: dafaffen abinci in ya wuce awa 2 tsakanin digiri 5 da 60 na Salshiyos, ƙwayoyin cuta kan yaɗu a cikinsa. Ga kuma yaron da ke ɓoye kwanonsa don kunya, shi ya fi damuna.