Gargaɗi ga masu komawa haɗa ƙananan jiragen ruwa na roba: ku yi hattara da mai cewa "abokina yana da shi"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan saƙo na waɗanda suka taɓa haɗa ƙananan jiragen ruwa masu filafilai tun suna samari ne, suka ajiye saboda karatu ko aure ko neman abinci, yanzu kuma sha'awar ta dawo musu. Ku 'yan damfara suka fi nema a wannan harka, fiye da sabon shiga, fiye kuma da wanda bai taɓa ajiye gam da fenti ba. Dalilin a fili yake. Mai dawowa ya san sunan abin da yake so sarai, yana da 'yan kuɗi a hannu waɗanda ba shi da su lokacin yarinta, amma bai san farashin yau ba, bai kuma san wanne kwalin ɓangarorin jirgi ake ci gaba da bugawa ba, wanne aka daina.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum zai shiga wani zauren masu wannan sha'awa a Facebook ya rubuta cewa yana neman kwalin jirgin USS Constitution na kamfanin Revell, babban nan mai ma'aunin 1:96 (wato an rage girman jirgin gaske sau 96) da ya fara fitowa a 1965, ko HMS Victory na Heller mai ma'aunin 1:100. Kafin a jima sai ga saƙo ta bayan fage daga wani da bai taɓa gani ba. Ba zai ce yana da kayan ba. Cewa zai yi akwai wani abokinsa dattijo da idanunsa suka yi rauni, ko wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ɗaki cike da kwalaye, ga adireshin imel ɗinta, a tuntuɓe ta. Wannan zagaye da gangan ne. Mai shaidar da mai sayarwar mutum ɗaya ne, kuma da zarar ciniki ya koma imel ko WhatsApp, ya fita daga idon shugabannin zauren, babu wanda zai ce maka ya san hoton kayan da aka turo maka.

Domin hoton na sata ne. Suna kwasowa daga tsofaffin tallace-tallacen eBay da aka daɗe da sayarwa, shi ya sa za ka ga kwalin ya yi kyau, ga tsufansa daidai yadda kake tunawa. Wani abokina da muke wannan sha'awa tare ya nuna mini irin hotunan da aka turo masa: a na farko kwalin yana kan kafet mai ruwan toka, a na biyu yana kan teburin katako, tsagar da ke kusurwar murfin a hoto na farko kuma babu ita a na biyu. Kwali biyu ne na mutum biyu. Da ya nemi a ɗauko masa sabon hoto, sai aka ce kaya an riga an naɗe su da salatif, ba a so a buɗe, kuma akwai wani mai so a layi, in ba a biya yau ba an ba shi. Allah ya tsare shi bai tura ba, amma a zauren da yake akwai wanda ya tura.

Wajen biya ne gaskiyarsu take fitowa. Za su ce a tura ta PayPal amma a zaɓi Friends and Family, wai don kada a cire musu kaso. Wannan zaɓi na tura wa dangi kuɗi ne, PayPal ba ya ba shi kariyar mai saye ko kaɗan. Kuɗin da ya tafi ta nan ya tafi. Haka katin kyauta, haka kuɗin kirifto, haka Western Union, haka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani. Zaɓin Goods and Services ne kaɗai yake ba ka damar kai ƙara. Ni a ganina, duk mai sayarwar da ya ƙi wannan zaɓi bayan ka ce za ka biya masa kason da za a cire, to magana ta ƙare, ko da kuwa bakinsa ya fi zuma zaƙi.

Akwai kashi na biyu, shagunan bogi da suke biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram. Da ka yi 'yan kwanaki kana bincike kan jiragen ruwa, tallan zai fara bin ka. Hoton Victory ne an gama shi tsaf, igwa 104 a jere, igiyoyi kamar na gaske, an rubuta cewa shago zai rufe, komai ya koma dala talatin ko arba'in, aikawa kyauta zuwa ko'ina a duniya. Wanda ya taɓa riƙe kwalin Heller ya san wannan ba ta yiwuwa. Jirgin in an gama shi ya haura mita ɗaya a tsawo, ɓangarorinsa sun haura dubu biyu, farashinsa a Turai ya wuce Yuro ɗari nesa ba kusa ba. Kuɗin ɗauko kwali mai wannan girma zuwa Kano ko Yamai kaɗai ya fi abin da suke cewa a biya gaba ɗaya.

Abin da yake sa mai dawowa ya yarda da labarin rufe shago shi ne ya ɗan ji ƙishin-ƙishin cewa kamfanonin sun shiga matsala, kuma gaskiya ne sun shiga. Hobbico, wanda ya mallaki Revell, ya karye a 2018. Airfix ya koma hannun Hornby tun 2006. Heller na Faransa ya sha canjin hannu, har kamfanin Glow2B na Jamus ya saye shi a 2019. Sai dai Revell da Airfix da Heller duk suna nan suna aiki, kuma suna sake bugo tsofaffin jiragensu lokaci zuwa lokaci da ainihin mazubin da aka yi na da. Abin da ake ce maka ya ƙare a duniya, in ka bari ya wuce ba za ka sake gani ba, sau da yawa yana nan sabo fil a shagon gaskiya, ko kuma zai dawo baɗi. Akwai shafin Scalemates da yake jera tarihin kowane kwali, lambarsa da shekarun da aka sake fito da shi. Minti biyar a can ya isa ya kashe gaggawar da suke son cusa maka.

Shagunan bogin nan sun fi masu damfarar farko wayo, don suna karɓar kati, kuma suna aiko da wani abu. Wani lokaci 'yar ƙaramar leda ce da zobe na roba ko maɓallin makulli a ciki. Amfaninta a wurinsu shi ne lambar bibiyar kaya ta nuna an kai, ta yadda in ka kai ƙara cewa kaya ba su zo ba, sai su nuna shaidar isarwa, ka faɗi. Idan haka ta same ka, kada ka ce ba a kawo ba. Ka ce an kawo abin da ba shi ka saya ba, ka ɗauki hoton ledar da takardar da ke manne a jikinta, musamman inda aka rubuta nauyi. Kwalin da ya kai kilo da yawa ba ya zuwa a ledar da ba ta kai nauyin wayar hannu ba. Wani lokacin kuma jirgin ne za a aiko, amma ƙaraminsa. Revell yana da Constitution mai ma'aunin 1:196, yana da Victory mai 1:225, Airfix yana da Victory mai 1:180. Duk kaya ne masu kyau a farashinsu, amma wanda aka nuna wa hoton 1:96 aka aiko masa 1:196 an cuce shi. Ku duba ma'auni da lambar kwali a rubuce kafin ku biya, in tallan bai ambace su ba, to da dalili.

Mu da muke Najeriya ko Nijar akwai ƙarin tarko a kanmu. Bayan an biya, sai saƙo ya zo wai daga kamfanin aikawa, cewa kaya sun maƙale a kwastan, a tura kuɗin fito zuwa wani asusu mai sunan mutum. Babu kaya, babu kwastan, mutumin nan ne dai ya dawo karo na biyu. Kuɗin fito na gaskiya ba a biyan sa a asusun wani mutum ta WhatsApp.

Ba na cewa a daina sayen tsohon kwali a hannun mutane. Yawancin masu wannan sha'awa mutanen kirki ne, kuma a hannunsu ake samun abin da babu shi a shago. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi cinikin biri a sama. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda da hannu, ya ɗora a kan kwalin a buɗe, ya ɗauka. Ka ce ya shimfiɗa rassan robar da ƙananan ɓangarori ke manne a jiki, ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da takardar umarni. Ka nemi ganin rabi biyu na gangar jirgin an haɗa su baki da baki, don robar da ta shekara talatin a ɗaki mai zafi tana lanƙwashewa. A Constitution na Revell daɓen jirgin gida uku yake zuwa, ka tabbata duk suna nan kuma ba su karkace ba. Filafilan nan na siririyar roba su ma suna yin rawaya su riƙa tsagewa, amma wannan da sauƙi, da yawa daga cikinmu ba ma sa su. Sandar filafili ɗaya da ta ɓace kuwa tana iya tsayar da aikin wata shida, kuma ba kowane tsohon kwali ne kamfani yake da sauran ɓangarorinsa ba. Kwalin da aka ce bai taɓa buɗuwa ba, kada ledar da ke jikinsa ta ruɗe ka, injin naɗe leda ba shi da tsada. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, shi ma haka yake yi in zai saya. Hoton da aka turo kuma ka saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri da sunan wani.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yau ɗin nan, kada ya jira alƙawarin "gobe za a aiko", domin jan lokaci suke yi har wa'adin ƙara ya wuce. A eBay kwana 30 ne daga ranar da kaya suka iso ko ya kamata su iso. A PayPal kwana 180 ne daga ranar biya idan kaya ba su zo ba, kuma bayan an buɗe ƙarar sai an ɗaga ta zuwa mataki na gaba cikin kwana 20, in ba haka ba ta rufe da kanta. Ya adana hotunan hirar duka kafin a toshe shi, ya kai wa shugabannin zauren sunan asusun da adireshin imel ɗin don su sanar da sauran jama'a. In asusun banki na cikin Najeriya aka tura wa, ya haɗa da kai ƙara EFCC, hukumar yaƙi da zambar kuɗi ta Najeriya. Sannan ya sa ran wani zai biyo shi ta bayan fage ya ce shi ƙwararre ne wajen dawo da kuɗin da aka damfara, a ba shi kafin alƙalami. Kada ya amsa masa, su ne dai.