Dogon ƙarfen sirdi: gwiwa ta huta, amma mai shago ya ɓata min rai

Wannan bayani na dogaye ne irina. In kai matsakaici ne, kasuwar keke taku ce, duk abin da aka sauke da ku aka auna shi. Ni tsayina mita 1.93 ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine babur, na sayi keke na hannu mai giya, mai taya inci 26. Keken ba shi da laifi, ƙarfen sirdinsa ne gajere. Ko na zaro shi har layin nan da aka zana a jikinsa, wanda ke nuna iyakar inda aka yarda a ɗaga, gwiwoyina sai sun kusa dukan kan keken. In na taso daga Kabuga, kafin in kai Ɗan Agundi gaban gwiwata ya fara zugi.

Akwai lissafin da ake jinginawa ga Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France sau uku. Ka tsaya ba takalmi, ka auna tsawon ƙafarka ta ciki daga matsematsi zuwa ƙasa, ka ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazarar da ake so daga tsakiyar inda ƙarfen feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Tawa ƙafar santimita 92 ce, ke nan ina neman wajen 81. Tsohon ƙarfen ko kusa bai kai ba. Shi ya sa na nemi mai tsawon milimita 400.

Gaskiya da aka ɗaura shi na hau, sai da na yi dariya ni kaɗai a titi. Ashe haka mutane ke jin daɗin keke! Na ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafata ta miƙe sak, da na mayar da gaban tafin ƙafa sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, yadda ake so. Zugin nan ya tafi. Hawan gada da nake yi ina haki, yanzu a zaune nake gama shi. A ranar da an ce in yabi mai shagon, da har addu'a zan haɗa masa.

To, ga inda aka samu matsala. Waɗannan ƙarafan ba kauri ɗaya ba ne, akwai mai milimita 25.4, akwai 27.2, akwai 31.6, da wasu a tsakani, kuma ana buga lambar a ƙasan ƙarfen. Na keken nawa 27.2 ne, na faɗa masa da bakina, har tsohon na miƙa masa ya duba. Ya shiga ciki ya fito da sabo, ya ce, "Yallaɓai, shi ne daidai." Yaronsa ya ja keken bayan shago ya ɗaura, ni ina gaba ana zuba min hira. Ba a daɗe ba, ina tsakiyar cunkoso wajen Ƙofar Nassarawa na faɗa wani ɗan rami, sai ji na yi sirdin ya zurma ƙasa gaba ɗaya, ya kuma juya gefe. Ga mai adaidaita sahu a bayana yana danna hon, ga ƙafata ta zame daga feda ta daki ƙaurina. Allah ne kawai ya kiyaye. Na ja keken gefe, wani mai gyara ya kwance notin ya zaro ƙarfen, sai ga yankin gwangwanin lemo an naɗe a jikinsa. Lambar da ke ƙasa kuwa 26.8. Wato ya san bai cika ramin ba, ya sa yaro ya yi ciko ya ɗaure noti da ƙarfin tsiya. Mai gyaran ya nuna min bakin bututun keken inda matsewar ta fara lanƙwasa shi, ya ce da an ƙara kaɗan tsagewa zai yi.

Na koma shagon. Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne, amsar da ya ba ni ce: "Haba Alhaji, ai bambancin bai kai ƙwayar gero ba, kowa haka muke sa masa. Nauyinka ne." Nauyina! Mutum mai tsayina dole ya zaro ƙarfe da yawa waje, kuma duk yadda ya fito waje haka yake ƙara jijjiga bakin bututun. Mu ne ma ya kamata a fi yi wa taka-tsantsan. Sai da maƙwabcinsa ya sa baki kafin ya yarda ya nemo min 27.2, shi ma da ciko a kan kuɗin farko.

Sabon ya zauna daram, bai sake motsi ba. Amma tun da raina ya ɓaci na fara ganin sauran aibinsa. Maɗaurin sirdin noti ɗaya ne mai haƙora, in ka matsa haƙori ɗaya hancin sirdi ya ɗaga sama ya dame ka inda ba a faɗa, in ka dawo da ɗaya ya sunkuya kana zamewa gaba, nauyi duk ya koma hannu. Daidai a shimfiɗe da ake so, babu shi. Mai noti biyu shi ke ba da wannan, kuma bai taɓa ambata min akwai irinsa ba.

Sannan dogon ƙarfe ba ya mayar da ƙaramin keke babba. Sirdi ya hau, kan keken yana nan inda yake a ƙasa, yanzu wuya da tsintsiyar hannu ne ke ƙorafi in tafiya ta yi nisa. Ina neman keke mai taya inci 29 da babbar gangar jiki. Kafin nan, duk dogon da zai sayi irin wannan ƙarfe ya karanta lambar da idonsa, kuma a ɗaura a gabansa.